Tambaya da Amsa: Mai Ɗaukar Sauti a Fim da Talabijin, Aikinsa da Kayan Aikinsa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonninku sun taru a kan mutum guda, wato wannan bawan Allah da ake gani a wurin ɗaukar fim da jaka rataye a ƙirji, hedifon a kunne, wani lokacin ga doguwar sanda ya ɗaga sama. Na zaɓi wasu daga ciki, masu tsawo na ɗan rage su.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina sha'awar harkar fim amma ɓangaren sauti. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, tunda kyamara ma tana ɗaukar murya, mene ne amfanin a ɗauko mutum guda a biya shi don sauti kawai? Kuma shi ne yake sa kiɗa a fim?

AMSA: Yawwa ƙanena. Ta biyun ta fi sauƙi, a'a ba shi ba ne. Mai sa kiɗa da daidaita sautuka yana situdiyo ne bayan an gama ɗauka, shi kuma wanda muke magana a kai yana fili tare da 'yan wasa, aikinsa ya kamo maganarsu tsaf tun daga bakinsu, don abin da ya kamo shi na situdiyo zai yi aiki da shi, in ya kawo masa gurɓatacce to gurɓataccen za a yi ta lallaɓawa har fim ya fita.

Batun kyamara kuma, eh tana da makirufo, amma makirufon yana inda kyamarar take, ita kuwa sau da yawa tana can nesa da mai magana. Akwai wani lissafi da nake so ka riƙe tun yanzu: duk lokacin da nisa tsakanin baki da makirufo ya ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da kusan desibel 6, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Daga rabin mita zuwa mita 4 an ninka sau uku kenan, murya ta sauka da desibel 18, alhali ƙarar janareta da fanka da motocin titi tana nan yadda take ba ta ragu da komai ba. In edita ya ɗaga muryar sai duk tarkacen su taso tare da ita. Kaga kenan rabin sana'ar nan shi ne kai makirufo kusa da baki ba tare da kyamara ta gan shi ba, ɗaya rabin kuma shi ne kashe duk wata ƙara da za a iya kashewa kafin darakta ya ce a fara.

A babban fim mutum uku ne aƙalla, mai miksa, wato mai daidaita sautin, yana zaune gaban keken da ake ɗora kayan sauti, mai riƙe sandar bum, wato doguwar sandar nan mai makirufo a bakinta, sai mataimaki mai maƙala wa 'yan wasa makirufo da canza batir da jan wayoyi. A shirin talabijin da na gaskiya kuwa yawanci mutum ɗaya ne yake yin duka, rakoda a ƙirji, sanda a hannu, yana tafiya da baya yana bin mai kyamara. Yana cikin masu fara isowa da safe, ya duba wayalas, wato ƙananan makirufo marasa waya da ake maƙala wa 'yan wasa, ya daidaita agogon rakoda da na kyamara, ya karanta shafukan da za a ɗauka don ya san wa zai yi raɗa wa zai yi ihu, da yamma kowa ya watse shi yana nan yana kwafe fayiloli da rubuta rahoton wane ɗauka ne mai kyau, wanne ne jirgin sama ya ɓata. Wannan 'yancin yawo da rakoda a kafaɗa ma ba daɗaɗɗe ba ne sosai, Stefan Kudelski ne ya ƙera Nagra ta farko a Suwizalan a 1951, kuma Nagra III da ta fito a 1958 ita ce ta zama rakodar 'yan fim shekaru da dama kafin zuwan na dijital.

TAMBAYA: Na ɗan tara kuɗi ina so in fara zaman kaina. Me zan fara saya? Wasu sun ce rakoda, wasu sun ce wayalas.

AMSA: Ni dai da makirufo zan ce ka fara, da abubuwan da ke tafiya da shi, wato sanda, da mariƙi mai roba da ke hana motsin hannu shiga cikin sauti, da rigar da ke kare makirufo daga iska, da hedifon mai rufe kunne ruf. Dalili shi ne rakoda tana tsufa kamar waya, bayan 'yan shekaru sabuwa ta fito, amma makirufo mai kyau sai ka yi ritaya yana nan. Sennheiser MKH 416 tun shekarun 1970 ake aiki da shi kuma har yau da wuya ka je wurin ɗauka ba ka gan shi ba, yana jure raɓa da danshi, a waje kam ba shi da matsala. Sai dai ka kula, akwai jabunsa a kasuwa, in ka ga araha ta yi yawa ka ja da baya.

Abu biyu da sababbi ke yawan ruɗewa a kai. Na farko suna zaton dogon makirufo irin wannan yana jawo murya daga nesa kamar yadda gilashin kyamara ke jawo hoto, ba haka ba ne, abin da tsagogin jikinsa ke yi kawai shi ne rage sautin da ke zuwa ta gefe, amma nisa yana nan a matsayin nisa. Na biyu suna shiga da shi kowane ɗaki. A ƙaramin ɗaki mai siminti ko tayil da bango ba labule, murya tana bugun bango ta dawo ta kowace kusurwa, dogon makirufo sai ya rikice ka ji murya tana fita wani iri, shi ya sa a ɗaki ake komawa gajere irin su Sennheiser MKH 50 ko Schoeps mai kan MK 41. In guda ɗaya kaɗai za ka iya saya, zauna ka yi tunani a ina za ka fi yin aiki, ciki ko waje.

Rakoda kuwa, masu farawa da yawa suna soma da Zoom F8 ko MixPre na Sound Devices kuma ana aiki mai kyau da su. Manya su ne 833 da 888 da Scorpio na Sound Devices ɗin, ko Nova ta Zaxcom, ko Cantar ta kamfanin Aaton na Faransa, waɗannan sai aiki ya kai ka. Abin dubawa shi ne in ka ɗaga murya kada ka ji wannan shuuu ɗin a ƙasa, ta iya ba makirufo wutar bolt 48 da yake buƙata, tana da taimkod, wato agogon da ke haɗa sauti da hoto, kuma in da hali tana rubutawa a kati biyu lokaci guda, domin kati yakan mutu ba sallama. Saitin da aka saba a fim da talabijin shi ne WAV, kilohaz 48, bit 24, kada ka yarda wani ya sa ka ɗauka da MP3. Hedifon kuma Sony MDR-7506 ya zama ruwan dare, ba don ya fi kowa daɗi ba, don dai yana tona asirin ƙazantar sauti ne.

Wayalas ka bar shi ƙarshe, ka riƙa haya duk ranar da aiki ya buƙata, domin shi ne wurin da mai araha ya fi kunyata mutum. Kuma ka ware wani abu don ƙananan kaya da ba wanda ke ɗaukar hotonsu ya sa a intanet: kebul na ajiya, batir masu caji da yawa, filasta iri iri, almakashi, barguna masu kauri na rataye a bango, tsohon kafet na shimfiɗawa inda ake takawa, da soso mai manne da ake sa wa a ƙasan takalmi mai ƙwas ƙwas.

TAMBAYA: Ni mace ce, ina shirya finafinan gaskiya, sau da yawa ni ke ɗaukar sautina. Ɗan ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a riga yana ba ni wahala, kullum sai ƙarar tufafi, ga wayalas yana yankewa. Ina mafita?

AMSA: Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, kuma ki sani wannan ƙarar tufafin har manyan masu sana'ar tana hana su barci. Iri biyu ce. Akwai wadda yadi ke gogar kan makirufon ko wayarsa, wannan tana da magani: ki sa shi a tsakiyar ƙirji kamar tazarar tafin hannu ɗaya ƙasa da haɓa, ki yi wa wayar ɗan ƙulli sako sako kusa da kan, ki manne ta da filasta ta yadda in an ja waya motsin ba zai kai kan ba, sannan yadin da ke sama da shi ko dai ya manne ya daina motsi ko kuma ya yi nesa da shi gaba ɗaya. Akwai kuma wadda tufafin ne da kansu suke ƙara, yadi mai sitati, siliki, leda leda, sarƙa da awarwaro, wannan ko Sanken COS-11D ko DPA 4060 kika sa sai ta shiga, domin ƙara ce ta gaske a cikin ɗakin. Auduga mai laushi ta fi kowa shiru. In hira ce a zaune, a ganina ki daina wahalar ɓoyewa, ki maƙala shi a fili ko ki kafa bum a kan ƙarfe sama da kan mutumin, kuma bum ɗin zai fi ba ki murya mai kama da ta mutum.

Wayalas kuma yawancinsu a zangon igiyar rediyo na UHF suke, tare da tashoshin talabijin, don haka duk sabon wuri sai kin sa risiba, wato akwatin da ke karɓar siginar, ta laluba ta nemo gurbin da ba kowa, saitin jiya ba lallai ya yi yau ba. Kada eriyar tiransimita, wato akwatin da ke jikin mai magana, ta taɓa fata ko gumi, jikin mutum yana shanye siginar, ki matso da risiba kusa, a kashe wayoyin hannu ko a nisanta su, batir kuma a canza kafin ya yi ƙasa. Ki kuma binciki dokar ƙasar da kike aiki, kowace da tata. A Amurka bayan gwanjon da hukumar sadarwa ta FCC ta kammala a 2017 an sayar da mafi yawan zangon megahaz 600 ga kamfanonin waya, zuwa Yulin 2020 ya zama haramun a yi amfani da makirufo a wurin, mutane da yawa kayansu suka zama na ajiya. A Birtaniya kuwa lasisi ake karɓa daga hukumar sadarwa ta Ofcom. Mai sayen na hannu daga wata ƙasa ya duba zangon kafin ya biya.

Sai batun amana, wanda na fi damuwa da shi. Kafin ki taɓa jikin kowa ki nemi izini ki faɗi abin da za ki yi, namiji mai sauti kuma ya bar mace ta maƙala wa mace, ko ya nuna mata ta sa da kanta. Kuma mutum yakan manta akwai makirufo a jikinsa, ya koma gefe ya amsa waya ko ya shiga bayan gida, da zarar an tsaya da ɗauka ki rufe layinsa, abin da kunnenki ya tsinta bisa kuskure kuma ya mutu a nan.

TAMBAYA: An ce rakoda mai bit 32 ba ta buƙatar saiti, kowa ma zai iya. Gaskiya ne?

AMSA: Rabin gaskiya ne. Tun 2019 da Zoom F6 da MixPre II suka fito da shi, in ɗan wasa ya kwatsa ihu ba zato za a iya sauke sautin daga baya bai fashe ba, wannan kam alheri ne. Amma in makirufon ne ko tiransimita ya fashe tun kafin sauti ya iso rakoda, ba abin da bit 32 zai yi, kuma ba ya matso da makirufo kusa da baki, ba ya kashe firji. Ka tambayi edita tukuna, da yawa har yanzu bit 24 suke so.

TAMBAYA: Ni darakta ne. Gaskiya masu sauti suna cinye min lokaci, a kashe wannan, a jira mota ta wuce, a sake. Rana tana faɗuwa muna jira. Ba za a iya gyara duk wannan a kwamfuta ba?

AMSA: Ranka ya daɗe na ji kukanka, kuma lokaci kuɗi ne a wurin ɗauka, ban musa ba. Amma bari in faɗa maka abin da kwamfuta ke iya yi da wanda ba ta iyawa. Manhaja irin iZotope RX tana cire ƙara mai tafiya bai ɗaya, kamar gunjin wutar lantarki ko na esi, tana cire ƙwas guda a tsakanin kalmomi, kuma ta ci gaba sosai. Sai dai duk abin da ta cire tana haɗawa da wani yanki na muryar, in aka matsa mata sai ka ji jaruminka kamar yana magana a cikin ruwa. In abin ya gagara sai a kira ɗan wasa situdiyo ya sake faɗin maganar yana kallon bakinsa a allo, ka biya situdiyo, ka biya injiniya, ka nemo ɗan wasan da ya riga ya tafi wani aikin, kuma kukan da ya yi da gaske a ranar ɗauka da wuya ya dawo bayan wata uku a ɗaki mai sanyi. Minti biyun da ka ƙi bayarwa a fili su ne suke zama kwana biyu daga baya.

Abin da zai rage maka jiran shi ne ka tafi da mai sauti tun ranar duba wuri. Kai idonka na kan kyan gidan, shi kunnensa na kan injin niƙa a maƙwabta da makaranta a bayan katanga da hanyar jiragen sama, zai gaya maka tun kafin a biya kuɗin wurin. A kai janareta nesa a ja dogon kebul. A kashe esi da fanka da firji lokacin ɗauka, masu sana'ar ma suna da dabara, sukan sa makullin motarsu a cikin firjin don kada su tafi su bar wa masu gida shi a kashe. In kana aiki da kyamara biyu, ɗaya tana ɗaukar ɗaki duka ɗaya tana kan fuska, ka sani ka kori bum can sama, fuska tana kusa murya tana nesa, gara ka ɗauki mai faɗin daban. Kuma in ya roƙi daƙiƙa 30 kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin, ka ba shi, edita da shi yake cike giɓi tsakanin maganganu.

Su ma masu sauti ina da magana da su. Ba hurumin mai sauti ba ne ya tsayar da ɗauka a tsakiya, wannan na darakta ne. Ka bari a gama, ka matsa kusa ka faɗa masa a hankali cewa layi kaza babur ya taka shi, ko a sake ko a ɗauki muryar kaɗai a gefe yanzu tun ɗan wasa yana cikin yanayin. In ya ce a wuce, ka rubuta a rahoto ka wuce. Wanda ke ƙorafi a kan kowane ƙaramin abu, ranar da babbar matsala ta zo ba mai saurarensa.

TAMBAYA: Edita ya ce sautina da hoto ba sa haɗuwa, baki daban murya daban. Laifin wa?

AMSA: Yawanci rashin magana ne da mai kyamara tun da safe. Ku tabbatar adadin firem ɗinku, wato hotuna nawa a daƙiƙa, ɗaya ne, 25 ne ko 24 ko 23.976, domin tsakanin 24 da 23.976 bambancin kashi 1 cikin 1000 ne kawai amma a awa guda ya kai daƙiƙa 3.6. Agogon kyamarori da yawa yana zamewa, musamman in an canza batir, shi ya sa ake manna musu ɗan akwatin taimkod irin Tentacle Sync ko Ambient. Kuma ko da duk wannan a riƙa buga allon nan mai ƙwas a gaban kyamara a farkon kowane ɗauka, in babu allo a tafa hannu a gaban kyamara.

TAMBAYA: Malam na fara samun aiki jefi jefi amma ban san yadda ake yanka kuɗi ba, wasu kuma sai an gama aiki su daina ɗaga waya.

AMSA: Wannan ita ce tambayar da ke raba wanda zai daɗe a sana'ar da wanda zai sayar da kayansa bayan shekara biyu. Kuɗinka kashi biyu ne kuma ka rubuta su daban, ladan aikinka, da kuɗin hayar kayanka. In ba ka zo da kaya ba ai sai furodusa ya je ya yi haya, to don me naka zai zama kyauta? Da kuɗin hayar nan ne za ka gyara abin da ya lalace, ka biya inshora, ka canza ƙananan makirufo da gumi ke kashewa, in ka haɗe shi da kuɗin cefane ranar da rakoda ta tsaya kai ma ka tsaya.

Kafin ka fita daga gida a rubuta yarjejeniya, ko da saƙon waya ne wanda ya amsa da "na yarda". Ranar aiki awa nawa ce, 10 ko 12, abin da ya haura nawa ne, wa ke da sufuri da masauki, in an soke aiki ana gobe me za a ba ka tunda ka riga ka ƙi karɓar wani, in ɗan wasa ya faɗa ruwa da tiransimita wa zai biya, kuma yaushe kuɗi zai shigo. Wanda ba ka taɓa aiki da shi ba ka karɓi wani kaso tun farko. A wasu ƙasashe ƙungiyoyi ne ke tsaya wa mutane a kan wannan, kamar reshe na 695 na IATSE a Los Anjeles ko Bectu a Birtaniya, inda babu kuwa sai ku masu sana'ar ku riƙa magana da juna, ku san abin da ake biya, ku san wanda ba ya biya. Kada ka karya farashi don ka ƙwace aikin ɗan'uwanka, gobe kai ma a wannan farashin za a riƙe ka.

Aiki kuma yana zuwa ne bakin wani zuwa kunnen wani. Mai kyamarar da ya ji daɗin zama da kai, editan da ya buɗe fayilolinka ya tarar kowane layi da sunan mai magana, abokin sana'ar da aiki biyu suka haɗe masa rana ɗaya ya tura maka guda, su ne tallarka. Akwai watannin da waya ba ta hutawa, akwai waɗanda za ka riƙa dubawa ko layinka ya lalace, don haka lokacin samu ka ajiye na lokacin rashi, ka kuma riƙe kwafin sautin kowane aiki har sai ka tabbatar fim ya fita.

TAMBAYA: Bayan doguwar rana kunnena yana yin ƙara, kafaɗa kuma ciwo. Haka kowa yake?

AMSA: Da yawa haka suke amma bai kamata ba, kuma don Allah ɗan'uwa kada ka raina wannan. Ƙarar kunne alama ce hedifon ɗinka ya yi ƙarfi. Ma'aunin da hukumar NIOSH ta Amurka ta bayar shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin yana raguwa da rabi, wato 88 awa 4, 91 awa 2. Ka zaɓi matsayi guda mai sauƙi ka bar shi a nan kullum, ka cire hedifon tsakanin ɗauka, ka sauke shi kafin a buga allo ko a harba bindigar wasa ko a cire kebul. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Kafaɗa kuma, ka daina rataya jaka da igiya guda a wuya, ka nemi ɗamara mai raba nauyi zuwa ƙugu, ka fitar da duk abin da ba ka buƙata a wannan fitowar, sanda kuma ka riƙe ta hannuwa sama da kai a buɗe, gwiwar hannu ba a ƙame ba, ka sauke ta duk lokacin da ba a ɗauka. In ƙarar kunnen ta kwana ta wuni ba ta tafi ba, ka je wurin likitan kunne a auna maka ji, kuma ka mayar da awon abin yi duk shekara.